Kujerar aro a dakin marubuta: abin da ya faru a talabijin din Amurka daga 1999 zuwa 2025

A watan Yulin 1999 shugaban NAACP, wato babbar kungiyar nan mai kare hakkin bakaken fata a Amurka, Kweisi Mfume, ya mike a taron shekara na kungiyar a New York ya fadi wani lissafi da ya tada hankalin Hollywood. Manyan tashoshin talabijin hudu na kasar, ABC da CBS da NBC da Fox, sun gama shirya sabbin shirye-shirye 26 da za su fara haskawa karshen shekarar a lokacin da aka fi kallo da daddare, kuma a cikin 26 din nan babu ko daya da jarumin da ke jan labarin ba farar fata ba ne. Ko daya fa. Kungiyar ta ce ko dai a gyara ko kuma a hadu a kotu, har da barazanar kiran jama'a su kaurace wa tashoshin. Kungiyoyin 'yan asalin Latin Amurka da na 'yan Asiya da na 'yan asalin kasar tun farko su ma suka taso da nasu korafin. Nan da nan wasu shirye-shiryen suka fara cusa bakar fuska daya ko biyu a cikin labari don a kashe wutar, amma kowa ya san matsalar ba a gaban kyamara ta fara ba, a dakin da ake zama a kirkiri labarin ta fara, sabida wanda ya rubuta shi ne yake yanke wa zai zama likita wa zai zama barawo.

A watan Janairun 2000 NBC ta fara sa hannu a yarjejeniya da NAACP, sauran ukun suka biyo baya cikin 'yan makonni. A cikin alkawuran NBC akwai guda daya wanda shi ne nake so mu tsaya a kansa: duk shirin da ya kai zango na biyu, tashar za ta biya albashin karin marubuci daya wanda ba farar fata ba, daga aljihunta, ba daga bajet din shirin ba. Daga baya wannan tsari ya yadu, kusan kowace babbar tasha ta yi irin nata, ya zama kujera daya a kasan tebur wadda wani ne yake biyan kudinta. Wannan kujerar ita ce lamarin da zan bi, sabida ni dai a ganina ta yi alheri na gaske kuma ta yi barna ta gaske, kuma duk biyun daga wuri daya suka fito.

Sai an fara gane yadda ake daukar marubuci aiki a can tukuna. Shiri mai dogon zango ba mutum daya ne yake rubuta shi ba, daki ake hadawa, a da mutum takwas goma har sha biyu, su zauna kewaye da dogon tebur tun safe har dare, ga allo a bango an lika kananan katuna, kowane kati sin daya ne, ana jefo shawara ana watsarwa ana sake jefowa har labarin zango guda ya tsaya da kafarsa, sannan a raba, wane kai ka rubuta kashi na uku, wance ke na biyar. Mai ragamar wannan dakin shi ne ogan shiri, marubuci ne kuma babban furodusa, shi ke daukar mutane shi ke sallama, shi ke da magana ta karshe a kan komai tun daga labari har editin. A karkashinsa akwai matakala mai hawa-hawa, karamin marubuci a can kasa, sai editan labari, sai babban editan labari, sai matakan furodusa iri-iri har a kai mataimakin oga. Kowane hawa da nasa kudin da nasa iko, kuma al'adar ita ce in ka yi zango daya lafiya a daga ka zuwa na gaba.

Toh ta yaya ake shiga? Ba a tallata aikin. Babu wata sanarwa da za ka gani ka aika takardunka. A zamanin da tashoshi ke mulki, watan Mayu suke bayyana shirye-shiryen da suka zaba a wani taro da suke yi da masu talla a New York, daga nan oga yana da 'yan makonni kacal ya cika dakinsa. Ejan-ejan, wato wakilan da ke nemo wa marubuta aiki, su turo masa rubuce-rubucen mutanensu tuli guda, tashar ta turo nata jerin, abokansa su kira shi a waya. Mutumin da aka ba miliyoyin daloli aka ce in ka fadi kai za a kama, ga lokaci ya kure, me kake zato zai yi? Zai kira wadanda suka taba aiki tare, da wadanda amininsa ya ce na tsaya musu, da wadanda ya zauna da su awa daya ya ji hira ta yi dadi sabida sun yi makaranta daya, barkwancinsu daya, sun taso suna kallon abu daya. Ba lallai ya tsani kowa ba. Mutum ne mai tsoro yana neman inda zai jingina. Amma in ka hada irin wannan zabin sau dari sau dubu, kuma kusan duk masu zabin kamarsu daya, sakamakon shi ne 26 babu ko daya.

Akwai hanya ta biyu, ta kasa, wato ka shiga a matsayin mai hidimar daki, kana kawo abinci da kofi, daga nan ka zama mai rubuta duk abin da ake fada a dakin, daga nan ka zama mai kula da takardun labari wanda yake bin kowane gyara ya tabbatar kowa ya samu sabon kwafi. Shekaru ake yi a nan ana jiran ranar da oga zai ce gashi ka rubuta kashi daya. Albashin dan kadan ne kuma Los Angeles tsada gare ta, shi ya sa a 2019 masu irin wannan aikin suka fito a intanet da kamfen din PayUpHollywood suna fadin abin da ake biyansu. Wanda iyayensa za su iya tallafa masa da kudin haya shi ne yake iya jure shekarun nan, dan talaka ko wane launi ne sai ya hakura ya nemi wani aikin. Ku rike wannan hanyar a rai, za mu dawo kanta.

Yanzu ka dubi dabarar kujerar. Wadanda suka tsara ta sun gane tsoron oga, sai suka ce toh shikenan, ba sai ka yi kasada da kudinka ba, ga mutum kyauta, in ya yi amfani riba ce in bai yi ba babu abin da ka rasa. Kuma gaskiya ta yi aiki ta wani bangaren, duk wanda ya ce ba ta yi komai ba bai yi adalci ba. Mindy Kaling, wadda iyayenta 'yan Indiya ne, ta wannan kofar ta NBC ta shiga dakin marubutan shirin barkwanci na The Office a 2004 tana da shekara 24, ita kadai ce mace a cikin marubuta takwas. Ta rubuta kashi-kashi sama da guda 20 na shirin, ta hau har matakin babbar furodusa, a 2012 ta fito da shirin kanta. Ita da bakinta ta sha fada cewa da farko kunyar abin take ji, ba ta so a san ta wace hanya ta shigo, sai daga baya ta gane cewa abin da tsarin ya ba ta shi ne abin da wasu suke samu kyauta ta hanyar sanayya tun daga gida. Kuma ko bayan ta shiga ba a bar ta ta huta ba, a 2019 ta ba da labarin yadda hukumar da ke ba da kyautar Emmy, babbar kyautar talabijin ta Amurka, ta taba neman cire sunanta daga jerin furodusoshin shirin, sai da ta cike fom ta rubuta bayanin gudummawarta ta nemo shaidar abokan aikinta maza. Hukumar ta ce ba ita kadai aka yi wa tantancewar ba, ita kuma ta tsaya a kan maganarta.

Amma Mindy daya ce, kuma ita ta fado hannun ogan da ya ga abin da ke cikinta ya rike ta. Mu dauki misalin wata wadda ba ta yi wannan sa'ar ba, sabida labarin irinta ya fi yawa kuma marubuta da dama sun fade shi a fili. A ce yarinya ce bakar fata, ta ci gasar shiga shirin horaswa na wata tasha, an tura ta wani shiri na 'yan sanda a kan kujerar da tashar ke biya. Ranar farko ta shigo ta tarar kowa ya san kowa, kuma kowa ya san cewa ita ba oga ne ya zabo ta da kudinsa ba. Ta jefa shawara a kan yadda za a warware kisan da ke kashi na hudu, aka yi shiru aka wuce, bayan minti ashirin wani furodusa ya maimaita kusan abin da ta fada aka ce kai wannan ya yi, aka rubuta a kati. Sai ranar da aka zo sin din wata uwa bakar fata da dan sanda ya harbe danta, nan ne duk idanu suka juyo kanta, ke ya kike gani, haka za ta yi magana? In ta ce wannan rubutun bai yi daidai ba ta zama mai matsala, in ta yi shiru gobe a ce ai akwai bakar fata a dakin kuma ba ta ce komai ba. Ita kadai, a matakin da ya fi kowanne rauni, an dora mata nauyin mutum miliyan arba'in.

Duk da haka ta daure ta yi aiki mai kyau, zango ya kare. Nan ne lissafin kudi yake shigowa. In za a rike ta, ka'ida a daga ta zuwa editar labari, kuma da zarar wa'adin da tashar ta diba ya kare albashinta ya koma kan bajet din shirin, wato yanzu oga zai ciro daga cikin kudin da yake so ya dauko wani gogaggen abokinsa da su. A gefe guda kuma ga tashar tana cewa muna da sabon yaro a jerinmu na bana, kyauta. Wallahi ko ogan mutumin kirki ne, tsarin da kansa yana rada masa cewa ya sallame ta ya karbi sabon. Sai ta koma kasuwa, ejan dinta ya nemo mata wani shirin, a wace kujera? Irin waccan dai, karamar marubuciya kuma. Shekara uku hudu tana maimaita aji daya, wanda suka fara tare ta kofar sanayya ya zama furodusa. A takarda tashar za ta nuna cewa ta sa mutum kaza a dakuna kaza, kuma ba karya ta yi ba, amma mutanen wucewa suke yi ta kofar gaba su fita ta baya. Kayan aro ba ya rufe katara.

Abin da ya fi ci min rai a nan shi ne kujerar ta koya wa ogogi wata mummunar dabi'a, ta sa suka fara kallon marubucin da ba farar fata ba a matsayin wanda ba a biya da kudin gida. In ejan ya kawo sunan wani bakar fata mai kwarewar shekara shida sai a ce ai mun riga mun cike wannan gurbin, kamar dai gurbi daya ne aka halatta musu a duk dakin. Abin da aka yi niyyar ya zama mafi karanci sai ya koma iyaka.

Shekara 17 bayan yarjejeniyar aka samu wanda ya zauna ya kirga. A watan Nuwamban 2017 kungiyar Color of Change mai fafutukar hakkin bakaken fata ta fitar da rahoton da Darnell Hunt, malami a jami'ar UCLA, ya rubuta. Ya duba shirye-shirye 234 a tashoshi da manhajojin kallo 18 na zangon 2016 zuwa 2017, marubuta 3,817. Bakaken fata a cikinsu kashi 4.8 cikin 100, a kasar da suke wajen kashi 13 na jama'a. Kusan biyu bisa uku na shirye-shiryen ba su da bakar fata ko daya a dakin. Amma lambar da ta fi duk sauran bayani ita ce ta ogogi: kashi 91 cikin 100 farar fata ne, kashi 80 maza, bakaken fata kashi 5 da dan doriya. A dakunan da farar fata ke jagoranta kusan bakwai cikin goma babu marubuci bakar fata sam. Ga amsar nan a fili. An shekara 17 ana zuba mutane a hawa na farko, amma saman matakalar inda ake yanke wa za a dauka yana nan kusan yadda yake, domin wanda ba a bari ya wuce hawa na biyu ba yaushe zai zama oga ya dauki wani?

Kuma kar a dauka maganar launin fata ce kadai. A 2010 tashoshi da kamfanonin shirya fim da ofisoshin ejan suka amince su biya dala miliyan 70 don kashe karar da marubuta 'yan sama da shekara 40 suka shigar, cewa an daina daukarsu sabida ana ganin sun tsufa da rubuta wa matasa labari. An yi kusan shekara goma ana wannan shari'ar. Duk inda daukar aiki ya zama na boye, a bakin mutum daya, ba sharadi a rubuce, wani rukuni zai sha kasa, yau wadannan gobe wadancan.

Sai 2020 ta zo. Bayan wani dan sanda ya kashe George Floyd, bakar fata, a Minneapolis a watan Mayu, kamfanoni suka shiga rige-rigen alkawari. A watan Yuli CBS ta ce daga zangon 2021 zuwa 2022 tana so kashi 40 cikin 100 na marubutan dakunanta su zama wadanda ba farar fata ba, zango na gaba a kai kashi 50, sannan kashi 25 na kudin da take kashewa wajen sayen sabbin labarai ya tafi ga irin wadannan marubutan. Wannan ya fi kujera daya nesa ba kusa ba, kuma bangaren kudin sayen labarai shi ne mai muhimmanci a wajena sabida wanda aka sayi labarinsa shi yake zama oga. Sai dai adadin dakin bai ce komai a kan mataki ba. Hanya mafi arha ta cika kashi 40 ita ce ka bar manyan kujerun a hannun mutanenka na da, ka cika kananan da sabbin fuskoki. Kenan duk nauyin sauyin ya fada kan hawa na farko, kuma su wa suke tsaye a layin hawa na farko? Masu hidimar dakin nan da masu kula da takardu da suka yi shekaru suna jira.

Daga cikinsu Brian Beneker ya fito. A 2017 ya zama mai kula da takardun labari a shirin SEAL Team na CBS, har an ba shi ya rubuta wasu kashi-kashi a matsayin aikin wucin gadi. A watan Fabrairun 2024 ya shigar da CBS da uwar kamfaninta Paramount kara a kotun tarayya a Kalifoniya, kungiyar America First Legal, wadda Stephen Miller na hannun daman Donald Trump ya kafa, ce ta tsaya masa. Abin da ya yi zargi shi ne an sha hana shi kujerar marubuci sabida shi farar fata ne, namiji, kuma ba ya cikin masu neman jinsi daya, ana ce masa babu wuri amma yana kallo ana dauko wadanda a cewarsa ba su kai shi kwarewa ba. Ya nemi dala 500,000 da kuma a ba shi mukami a shirin. CBS ta ce zaben wanda zai rubuta mata labari yana karkashin 'yancin fadin albarkacin baki ne da tsarin mulki ya ba ta, don haka a kori karar. A watan Agustan 2024 alkali John Walter ya ki korarta ya ce a ci gaba. A watan Afrilun 2025 bangarorin suka sasanta a waje, ba a bayyana sharudda ba, kotu ba ta taba yanke wa ke da gaskiya ba.

Ni ban yarda da masu cewa wannan karar shirme ce kawai ta 'yan siyasa ba, ko da yake a bayyane yake wadanda suka dauki nauyinta suna da tasu manufar da ta fi karfin mutum daya. Dokar kare hakkin jama'a ta 1964 ta hana a hana mutum aiki sabida launinsa ko jinsinsa, ba ta ce ban da farar fata ba, kuma in da gaske an kalli mutum an ce masa kai ba ka cike gurbin da muke nema ba, an zalunce shi, ba wani kwana-kwana. Amma kuma ban yarda da darasin da ake so a ciro daga ciki ba, wai ai da komai cancanta ce sai aka zo aka bata. Wace cancanta? Wadda ba a tallata aiki, ba a karanta rubutu ba tare da suna ba, ba a fada wa kowa dalilin da ya sa aka ki shi? Ka ajiye Beneker gefe guda ka ajiye yarinyar nan da ke maimaita aji a daya gefen, korafinsu daya ne in ka saurara da kyau: na yi aikin, an ce in jira, babu wanda ya taba gaya min me ake bukata in hau, kuma wanda ke yankewa ba ya ba kowa amsa. An bar su biyun suna kallon juna a matsayin abokan gaba a kan kujera mafi karancin albashi a dakin, su kuma kujerun sama babu wanda ya taba su.

A daidai lokacin da ake wannan rigimar, matakalar kanta tana karyewa. A da shirin tasha kashi 22 ne a zango, marubuci yana aiki kusan duk shekara, ana rubutu ana dauka lokaci guda, don haka in an zo daukar kashin da ka rubuta sai a tura ka lokeshan ka tsaya kusa da darakta, ka ga yadda jarumi yake cewa wannan layin ba ya shiga bakina a gyara nan take, ka zauna da edita, ka koyi abin da ake kashewa a kowane sin. Haka ake kera oga. Da manhajoji irin su Netflix suka karbe kasuwa sai zango ya koma kashi takwas ko goma, aka kirkiro kananan dakuna na mutum uku hudu da za su yi 'yan makonni su rubuta komai a sallame su tun kafin a kunna kyamara. Mutum sai ya kai matakin furodusa a suna bai taba taka lokeshan ba. Kuma in daki ya koma mutum hudu, wa ake fara yankewa? Na kasa, wanda shi ne ma aka ce ya zo ya kawo sabon jini.

Wannan yana cikin abin da ya sa kungiyar marubuta ta WGA, mai mambobi wajen 11,500, ta tafi yajin aiki daga 2 ga Mayu zuwa 27 ga Satumban 2023, kwana 148. Kungiyar ta ce rabin marubutan talabijin a lokacin mafi karancin albashin da yarjejeniya ta yarda ake biyansu, alhali shekara goma kafin nan daya bisa uku ne. Abin da suka samo ba a kira shi da sunan daidaito ko bambancin launi ba, amma a ganina ya fi wasu shirye-shiryen horaswa goma amfani ga yarinyar can. A karon farko karamin marubuci zai karbi kudin kashin da ya rubuta daban a kan albashinsa na mako, a da ba ya samu. An sa dole a rike wasu marubuta har lokacin dauka. An kuma kafa mafi karancin yawan mutanen daki, sai dai in mutum daya ne aka dauka ya rubuta zangon duka: shiri mai kashi 13 ko fiye marubuta shida, mai kashi 7 zuwa 12 marubuta biyar, mai kashi shida ko kasa marubuta uku, kuma a kowanne dole uku su zama masu matakin furodusa. Ka yi lissafin da kanka. A shiri mai kashi shida, uku ake bukata kuma ukun duk manya ne, ba a tilasta kujerar sabon shiga ko daya ba. A mai kashi goma kujera biyu ce ta rage wa duk wanda bai kai furodusa ba, bakar fata da farar fata da mace da mai kula da takardun da ya yi shekara bakwai yana jira, duk su yi kokawa a kan biyun nan.

Ga shi aikin ma ya ragu. Kididdigar da tashar FX ke yi duk shekara ta nuna shirye-shiryen da ake rubutawa sun kai 600 a 2022, suka sauko 516 a 2023, ita kuma WGA ta ce ayyukan rubutun talabijin sun fadi da kashi 42 cikin 100 a zangon 2023 zuwa 2024, ko da yake yajin aikin ma yana cikin dalili. Iskar siyasa kuma ta juya, kotun kolin kasar ta soke la'akari da launin fata wajen shiga jami'a a watan Yunin 2023, Trump ya dawo mulki a Janairun 2025 ya sa hannu a umarnin yaki da irin wadannan tsare-tsare, a watan Fabrairu Paramount ta sanar da ma'aikatanta cewa ta daina sa adadi na launi ko jinsi a daukar aiki. Kashi 40 da kashi 50 din nan sun tafi kenan.

Abin da ya dame ni shi ne da aka janye adadin babu abin da aka ajiye a gurbinsa. Akwai gyare-gyaren da babu dokar da ta hana kuma ba sa tambayar launin kowa, a tallata gurbi a fili, a karanta rubutu kafin a ga suna, a biya masu hidimar daki abin da zai rike dan talaka a Los Angeles, a hana maimaita mutum a matakin karamin marubuci sau uku sau hudu, duk ogan da ya sallami na kasa ya rubuta dalili wani ya karanta. Kungiyar WGA ma ta taba gwada guda daga ciki, a 2019 lokacin da marubuta sama da 7,000 suka kori ejan dinsu a rikici kan kudin da ofisoshin ejan suke karba daga kamfanonin shirya fim, ta bude wani tsari a intanet da mamba zai tura rubutunsa kai tsaye ga ogan shiri ba tare da dan tsakiya ba, kuma an cika dakuna a shekarar ba tare da manyan ofisoshin ejan ba. Tashoshin da suka iya ware albashin mutum guda a kowane shiri tun 2000 ba za su ce ba su da kudin bin diddigin mutum nawa ne daga cikin wadanda suka zauna a kujerar aka sake dauka a zango na biyu da kudin shirin kansa ba, kuma wannan ita ce lambar da ya kamata Mfume ya nema a rubuta a yarjejeniyar tun ranar farko.